Mangwaron da Na Bari a Puna

…kuma ba wanda ya gaya min cikina zai tsaya a ƙasa ni in yi sama. Palani, kana ganina kuwa? Matarka ce a jirgi mai saukar ungulu, an ɗaɗɗaure ni kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ni da ko tsani ba na hawa. Yi dariyarka, ai da ma ka saba.

Mahina ce ta ja min. Jikarka, mai taurin kai irin naka. Ta zo hutu daga Las Vegas, hutun da sai ta yi ta roƙo a asibitin da take aiki kafin a ba ta, maimakon ta je ta miƙe ƙafa a bakin teku, sai ga ta da tikitin jirgin da ke kewaya saman garinmu Puna. "Tutu, sa takalmi, za mu je gaida Papa." Ni Tutu, kai Papa, har yau haka take kiran kakanninta. Ta ji abin da likita ya ce — idona na hagu ya tafi, na dama yana haɗa kayansa. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Allah ya ba ta masu yi mata.

Ƙara… abin nan da suka toshe min kunne da shi warin man gashin wani yake yi. Matuƙin yana ta zuba wa ango da amaryar da ke gaba bayani, ga bakin ramin dutsen mai aman wuta, ga hayaƙi, su kuma sai ɗaukar hoto. Su ɗauka, yarinta ce. Ja nake gani can ƙasa, ja mai motsi, kamar garwashi in an hura. Sannu, Pele. Sannu, tsohuwa, uwargijiyar dutse mai aman wuta. Yau ba wurinki na zo ba.

Tsintsiyar — ina ma na ajiye ta? A bakin ƙofa na jingine ta, ranar da wutar dutsen ta nufo gidanmu. Ƙasa na rawa, gari duk warin ruɓaɓɓen ƙwai, 'yarmu Ilima tana ta danna hon a mota. "Mama, wai shara kike yi? A gidan da zai ƙone?" To me zan yi? Haka uwata ta koya min, haka taka ta koya maka: in Pele za ta zo, ba a bari ta tarar da ƙazanta. Ƙasarta ce, aro ta ba mu. Na wanke kwanuka, na gyara gado, na share tsakar gida har gindin mangwaro inda muka binne tokar gawarka. Na ce maka ga baƙuwa nan tafe, ka tarbe ta, kada ka cika ta da surutu. Wai baƙo raɓa ne… wannan dai ta zo ta zauna.

Kai ka ce kada a tone ka ko me zai zo. Na cika maka. Amma tun ranar ban sani ba, Palani, ban sani ba — kana ƙarƙashin narkakken dutsen da ya daskare ne, ko kana shan inuwarka? Wani ya ce wutar ta kewaye wasu filaye ta bar su kore shar. Wani ya ce a layinmu ko tsinke bai rage ba. Hanya ta toshe, gwiwoyina ba za su taka wannan dutsen ba. Shekara da shekaru da tambayar nan nake tashi.

Jirgi ya karkata. Ashe Mahina ta roƙi matuƙin tun a ƙasa. "Anti," muryarsa a kunnena, "kewaye ɗaya zan yi miki, hadari na tahowa. Duba hannun dama." Ɗan albarka. Bai san ni ba, bai san ka ba.

Dama. Baƙin dutse… baƙin dutse… ina cocinmu? Ina shagon Sakamoto da kake zama kana cika baki kan kifin da ba ka kama ba? Baƙi har teku. Buɗe mana, ido, kai kaɗai ka rage min, kada ka ba ni kunya yau. Hawaye kuma? Yanzu? Ku bari in —

Kore. Wani abu kore-kore, kamar an shafa da yatsa. Ko gilashin ne?

"Tutu, ga shi can. Mangwaro ne, shi kaɗai, har da tankin ruwanku a gefe."

Tanki… tankinmu ai na katako ne, yarinya, wuta ba ta barin katako — ko na ƙarfen da ka kafa daga baya take nufi? Muryar nan na san ta. Da ita take ce min allura ba zafi. Kai ma haka kake, ka ce kifi ya tsere alhali maƙwabta ka raba wa. Ku 'yan gidan nan kun iya ƙarya mai daɗi.

An ce gani ya kori ji. Ni ga shi na hau har sama, da jin dai zan koma.

"Kin gan shi, Tutu?"

Farin gajimare ya rufe tagar. Shi ke nan, mun wuce. In kana inuwa, na gode wa Pele. In kana ƙarƙashin dutse, ai ta tarar da wuri a share, kuma ka bar min yarinyar da za ta kawo ni har nan don kada in makance da tambaya a baki. Na gode, tsoho. Duk wanda ya zama gaskiya, na gode.

"Na gan shi," na ce mata.

Hannuna yana sama, yana ɗaga maka… ko dutse nake ɗaga wa, oho. Ya yi nauyi, Palani. Ban dai sauke ba tukuna.