Baƙar Kunama Ya Ƙi Faɗuwa

Kujerar ƙarfen ta sauka a gadon bayan Don Fulgencio da ƙarar da ta sa karen garejin ya ruga ƙarƙashin mota. A nan ne aka shirya zai faɗi. Doña Amparo ta san haka, don a tsakar gidan hayarsu aka tsara komai tana zaune gaban keken ɗinkinta: ɗanta Baldo zai maka masa kujera, tsohon ya kwanta, alƙalin wasa ya ƙirga uku, a tashi. Amma tsohon bai kwanta ba. Ya yi tangaɗi, ya dafe igiyar dandalin kokawar, ya juyo ya sharara wa Baldo mari na gaske, sai ga jini yana tsattsafowa ta bakin hular da ta rufe wa Baldo fuska.

"Baba, me ke nan?" in ji Baldo ƙasa-ƙasa. Amparo tana gindin dandalin, ta ji.

"Kokawa nake yi, ɗan banza. Kai me kake yi?"

Tun Amparo tana amarya Fulgencio yake sa baƙar hular nan mai rufe kai da fuska, ana kiransa Baƙar Kunama a duk dandalin kokawa na garinsu Neza. Ita ke ɗinka masa, ita ke gyara igiyar ƙeya in ta tsinke. Shi ya riƙe Baldo ranar baftisma ya zama kamar ubansa, tun daga nan ita take ce masa compadre, shi yana ce mata comadre; shi kuma ya koya wa yaron faɗuwa ba tare da karya wuya ba. Kafin korona ya gama shirinsa tsaf: zai ajiye kokawa, shi da matarsa Herminia su koma ƙauyen iyayenta a jihar Puebla, su zauna gindin bishiyoyin fiya suna tsegumin mutane. Annoba ta zo ta rufe gidajen wasa, ta kwashe su biyun zuwa asibiti. Shi ya fito da ƙirji mai fito kamar butar shayi, ita kuwa ta rasu, aka ƙone gawar, tokarta aka miƙo masa a ɗan akwati. Likita ya ce ko bokitin ruwa kada ya ƙara ɗauka.

Shi da bakinsa ya ce zai ajiye yadda mazan sana'ar suke ajiyewa: a yi karon hula da hula, wanda aka kayar ya cire tasa a gaban jama'a, ya faɗi sunansa da shekarunsa. Kyauta ce ga Baldo. Duk wanda ya tuɓe wa Baƙar Kunama hula, ranar da aka buɗe gidajen wasa rububinsa za a yi, ga shi matarsa da tsohon ciki, shi kuma dakon tukwanen gas yake yi. Tunda hukuma ta hana taro, sai aka kafa dandali a garejin Chucho bakanike ranar Lahadi da la'asar, aka ja ƙofa, mutane suka cika tsakanin matattun motoci, kowa takunkuminsa a haɓa.

Yanzu ga mai kyautar yana nema ya kashe wanda zai ba.

Ya damƙi kan Baldo ya gwara da ƙarfen kusurwa, ya sake gwarawa. Ya kai masa gwiwa a ciki. Baldo dai kare fuska kawai yake yi yana ja da baya, ƙato guda, wanda zai iya naɗe tsohon kamar tabarma.

"Matsoraci!" wani ya ƙwalla daga saman wata motar bas. "Kakanka ne ke jibgarka!"

"A dawo mana da kuɗinmu! Rawa muka zo kallo?"

Kwalbar giya ta taso ta fashe a gefen dandalin. Fulgencio ya kai wani naushin, ya kuskure, ƙarfin kansa ya kai shi ƙasa dab da inda Amparo take. Ta ji fiton ƙirjinsa ya fi ihun mutanen ƙara a kunnenta. Ta cusa hannu ta ƙarƙashin igiya ta riƙe masa wuyan hannu.

"Compadre, don girman Allah ka kwanta. Haka muka yi da kai? Kwanta mu tafi gida, na dama maka kunun masara."

Ya dube ta ta ramukan hular. Idanun sun kaɗa jawur.

"Wane gida, comadre? In na cire wannan, wa zai koma ɗakin nan? Wani tsoho da akwatin toka a kan talabijin?"

"To ɗana fa? Shi za ka sa ya ɗauki alhakinka?"

Ya fizge hannunsa. Haushi ya turnuƙe ta, har ta ji da ita ce a dandalin da ta kayar da shi da kanta. Namiji ne dai, baƙin cikinsa sai ya sami wanda ya ɗora wa.

Wani mara mutunci ya miƙo dogon ƙwan lantarki daga cikin taro. Fulgencio ya karɓa ya tarwatsa shi a kan Baldo, farar ƙura ta tashi, gilasai suka watsu. Bai tsaya nan ba. Ya cusa yatsu cikin ramin idon hular Baldo ya ja, yadin ya kece har kunne, rabin fuskar ta bayyana, jini na bin gira. In hular ta fita a gaban mutanen nan, Baldo ya gama kokawa tun bai fara ba, dakon gas har tsufa. Tsohon ya san haka sarai.

"Ka kayar da ni da gaske ko in tuɓe ka," ya ce yana haki. "Ba na ba da ita sadaka."

Amparo ta ga lokacin da ɗanta ya daina zama ɗanta. Ya yi wani gurnani, ya dunƙule hannu ya zuba wa tsohon a haƙarƙari, ya ƙara, ya ƙara. Ya sunkuce shi sama a kafaɗa, ya juya da shi, ya rafka shi da katakon dandalin har ƙura ta fito ta ƙasa. Ya danne shi. Alƙali ya buga ɗaya, biyu, uku.

Garejin ya ɗauka. "Cire! Cire! Cire!"

Baldo ya miƙe. Fulgencio bai miƙe ba. Ƙafarsa ɗaya tana karkarwa, ƙirjin yana hawa da sauka ba iskar da ke shiga. Chucho ya haye dandali da tumbinsa, ya tsuguna ya kama igiyar ƙeyar hular.

"Mutane sun biya, yaro. In ba zai iya ba, ni sai in..."

Bai ƙarasa ba Baldo ya ɗauke shi da naushi, haƙori ya yi tsalle. Yaran garejin suka yo kansa da sifana, 'yan kallo suka kaure da jifa, kujeru na tashi sama. Wani abu ya sami Amparo a goshi, ba ta ko shafa ba. Ta haye dandalin da rarrafe a kan fasassun gilasai ta kifa jikinta a kan maƙwabcinta.

"Duk wanda ya taɓa shi sai na ci uwarsa! Baldo, ɗauko shi! A buɗe ƙofar nan!"

Wani mai a-kori-kura ya ji tausayinsu. Suka shimfiɗa shi a baya, kansa a cinyar Amparo, motar na faɗawa ramuka. Baldo ya yago kwali yana yi masa fifita, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi ban so ba. Kai ka sa ni."

"Compadre, zan kwance ta ka sha iska," in ji Amparo. "Ba kowa, mu ne kawai."

Ya ɗaga hannu da ƙyar ya ture nata. Ya kamo hannun Baldo ya kai ƙeyarsa. Baldo ya warware igiyar, ya zare hular. Fuskar da suke gani kullum a bakin famfo ce, furfura jiƙe da gumi, leɓe ya yi shuɗi.

"Fulgencio Arriaga," ya ce, kowace kalma da nata numfashin. "Shekara sittin da uku. Ɗan Neza." Ya yi tari, jini ya ɓata wa Amparo siket. "Ka ɗaga ni da kyau, ɗan banza. Sai dai ƙafarka ta hagu... gyara ta."

"Zan gyara, Baba."

"To. Na ajiye."

A ƙofar asibiti layin motoci ya kai bakin titi, mai gadi cikin farar rigar leda yana ta kaɗa hannu, babu gado. Direban ya sauka ya je roƙo. Amparo ta ɗora tafinta a ƙirjin, ta daɗe tana jira, fiton bai dawo ba. Ta ja mayafinta ta share masa baki, ta rufe masa ido.

Baldo bai ɗago ba. Yana durƙushe da yagaggiyar hularsa a rabin fuska, yana ta kaɗa kwalin a hankali, furfurar tsohon tana ɗan motsi. Amparo ta bar shi ya ci gaba.