Duwatsu Biyu a Ruwan Dam

A'a, Mordecai, sauke murya. Ni na haife ka, kuma kunnena bai mutu ba tukuna. Ka ce Sharon ba za ta shiga kwalekwale a dam ɗin Samaru ba, don nan ruwa ya ci ubanta. Wa kake tuna wa? Kai ƙane ka rasa. Ni Micah ɗana ne, ina bakin ruwan ranar, kai kana Kaduna.

Ka tambaye ta me za ta yi a can? Ba ka tambaya ba. Ka dai kwaso baffancinka daga Basawa ka sauke min shi a Sabon Gari da rana tsaka. To ni na tambaya. Ina tsintar shinkafa tana yi min bayani.

Wani ɗan ƙarfe ne malamansu suka ba su. A tsoma shi a ruwa ya yi ƙara, ƙarar ta je ƙasa ta dawo, daga nan su san zurfin wurin. Amma wai sai sun fara auna ɗumin ruwan, don ƙara ta fi gudu a ruwan ɗumi, in da sanyi sai ta ɗan ja ƙafa. Na ce ashe halin gwiwata gare ta. In ba su auna ba, ƙarfen ya shirga musu ƙarya. Shi ya sa za ta je yanzu da zafi, ta sake komawa da sanyi. In ba ta je ba, babu gama makaranta bana.

Nan na ajiye faifan. Ka san abin da ake yi a ƙauyenmu tun kafin mu san coci. In ruwa ya ɗauki mutum, uwarsa ke shiga iya ƙugu, ta riƙa gwara duwatsu biyu a ƙarƙashin ruwa, don ya san inda gaɓa take. Ranar da ruwa ya ɗauki Micah, na yi. Fasto ya kawar da kai kamar bai gani ba. Gab da Kirsimeti ne, ruwan kamar ƙanƙara. Na gwara har yatsuna suka fashe. Washegari masunta suka fito da gawar Micah.

Na ce, "Sharon, a sanyin nan, ashe bugun nawa makara ya yi a hanya?"

Ta ce, "Kaka, jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba. Ko a ruwan sanyi, ƙara ta ninka gudunta na iska fiye da sau huɗu. Kafin ki raba duwatsun ta isa."

Na ce, "To ya ji?"

Ta ce, "In da ransa a lokacin, ya ji. Iyakar sanina ke nan."

Masu ta'aziyya sun cika min kunne da magana mai daɗi, kai ma ka yi naka. Ba wanda ya taɓa gaya min wannan. Tun ranar nake zaton ni kaɗai na ji duwatsun nan.

Na ce mata ta sa rigar nan mai hana nutsewa, ta ɗaure ta tamau. Gobe ni zan raka ta har bakin ruwa. In hanawa za ka yi, Mordecai, fara da ni. In kuma zuwa za ka yi, ɗauko min kujera.