Sunan da Aka Ba Owuor a Gaɓar Kowidi

Owuor Magero ya san aikinsa, wannan ba a musu. A birnin Kisumu ya gano motocin sata, ya gano mazan da ke cewa sun tafi taro alhali suna kwance a otal. Dabararsa ɗaya ce: ba ya taɓa faɗin abin da ya kawo shi. Da ita ya sauka gaɓar masunta ta Kowidi, ya ce shi mai sayen kifi ne.

Gaskiyar kuwa, wata malamar makaranta ce ta ɗauke shi ya nemo mata ƙanenta Otiende, wanda ya shiga tafki bara, kwale-kwalensa ya dawo babu shi.

A Kowidi baƙo ba ya yi wa kowa tambaya sai ya fara zuwa gaban shugaban gaɓa ya faɗi sunansa da aikinsa. Owuor ya ji wannan a mota, ya ɗauke shi ƙauyanci. Ya shiga cikin masunta yana zuba surutu: kwale-kwalen wa ne wancan, su wa ke fita tare, wa ya san Otiende. Mai sayen kifi ke nan, amma ko sau ɗaya bai sunkuya ya latsa cikin kifi ba. Mutane suna ba shi amsa da fara'a, idan ya wuce fara'ar ta ɗauke.

Da azahar ya zauna a rumfar Min Akoth mai abinci. Ta dire masa tuwon masara da ƙananan kifi, ta tsaya a kansa.

"Ɗana, wannan takalmin naka ya taɓa taka ƙayar kifi kuwa?"

"Sabo ne, Mama."

"Har hannun ma sabo ne." Ta rage murya. "Masu tambaya iri uku muka sani a nan. Akwai ɗan sandan farin kaya, shi mu ba shi kifi ya tafi. Akwai mai bincike, wanda dangi suka aiko, shi yakan faɗi kansa, mu ba shi kujera. Sai ɗan rahoto."

"Shi me kuke ba shi?"

"Bara hukuma ta zo ta ƙone mana tarun da ta ce haramtattu ne. Kai tsaye suka nufi inda aka ɓoye su. Wanda kake ta tambaya a kansa, shi aka kira da wannan sunan."

Owuor ya ajiye lomar. Ya tambaye ta motar komawa, ta ce sai la'asar. Kafin ya wanke hannu, masunta biyu sun tsaya a bakin rumfar, suka ce dattijo yana kira.

Jaduong Rabala, wato Dattijo Rabala, shugaban gaɓa, yana zaune a rumfar awo, a kan kifaffen kwale-kwale. Tsoho ne mai magana a hankali, irin wanda bai saba a ce masa ya maimaita ba. Maza sun kewaye shi, mata na daga baya suna fere kifi.

"Kifi nawa ka saya?" in ji shi.

Owuor ya ga ƙarya ta ƙare. Ya zaro katin aikinsa.

"Jaduong, ka yi haƙuri. Ni mai bincike ne mai zaman kansa. Ba gwamnati nake yi wa aiki ba, ba ni da ankwa, ba na kama kowa. Yayar Otiende ce ta aiko ni."

Tsohon ko kallon katin bai yi ba.

"Mai zaman kansa," ya ce, kamar yana ɗanɗana miyar da bai sani ba. Wani ya yi dariya. "Da safe kai mai sayen kifi ne. Da azahar mai bincike. Da yamma fa?"

"Haka aikin yake a birni, Jaduong. Idan ka faɗi kanka, ba mai gaya maka gaskiya."

"To, idan ka samu gaskiyar, ina kake kai ta?"

"Wurin wadda ta ɗauke ni."

"Ita kuma ta dafa ta cinye?"

Owuor ya san ofishin 'yan sanda za ta nufa, su ma sun sani. Tsoro ya kama shi na gaske. Ya shiga bayani da sauri, cewa mai bincike daban, ɗan leƙen asiri daban, cewa doka ma ta bambanta su, cewa a cikin masu aikinsa babu zagi da ya wuce a kira ka ɗan rahoto.

Rabala ya bar shi har ya ƙare.

"Da ka fara zuwa wurina da safe, da abin da ka ce, da shi za mu kira ka. Yanzu ka riga ka ga fuskoki, ka ji sunaye." Ya juya ga mutanensa. "Wanda ya ɓoye kansa ya tattara magana don ya kai wani wuri, me muke ce masa?"

Babu wanda ya ɗaga murya. Wani daga baya ne ya faɗa a hankali, sai na kusa da shi ya maimaita.

"Ɗan rahoto."

Owuor ya waiwaya yana neman Min Akoth. Ya hango ta tana sauke labulen rumfarta da rana tsaka. Sauran matan suka kife robobinsu a kan kifin da ba su gama ferewa ba, suka kama hannun 'ya'yansu, suka haura tudu, babu wadda ta waiwayo.