Man Shanu a Ƙafar Keke

Murtala Bafulatani ne, rugarsu na bayan Paikon Kore. Kowace safiya yakan ɗaura jarka biyu na madara a bayan keke, ya kai wa Madam Rita mai haɗa yogot a Gwagwalada. A mako guda sau biyu yana makara, madara ta isa ta soma tsami. Madam kuwa ba ta iya ɓoye-ɓoye ba.

"Malam, gobe in takwas ta buga ban gan ka ba, ka shanye kayanka. Akwai mai babur da ke roƙona ya riƙa kawo mini madara."

Ba lalaci ke damun Murtala ba, ƙafar keken ta baya ce. Gurnani take yi, ga nauyi kamar ana jan ta. Da la'asar ya kifa keken a gindin mangwaro, ya kwance tsakiyar ƙafar. Ya tarar 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kansu, sun bushe ƙamas. Biyu suka zube cikin yashi, ya nema har ya gaji. Giris babu a ruga, amma akwai ƙwaryar man shanun matarsa Luba. Ya lakato da yatsa biyu, ya cusa, ya ɗaure. Ya juya taya, ta yi shiru. Bai tambayi kowa ba, sai yabon kansa.

Washegari tafiya ta fara lafiya. Da tafiya ta yi nisa, ƙarfe ya ɗau zafi, mai ya narke ya bi wayoyi, ƙura ta manne. Gurnani ya dawo, har da rawa. Da ƙyar ya turo keken zuwa rumfar Zacharias mai gyara, bakwai ta wuce.

Kafin mai rumfa ya miƙe, karensa ya riga shi. Ya nufi ƙafar baya yana lasa, yana kaɗa jela.

Zacharias ya sunkuya ya sansana. "Aboki, wannan keke ne ko tuwo? Me ka sa masa?"

"Ɗan man shanu ne, oga. Mai kyau, na jiya."

"To saura barkono da gishiri."

"Don Allah ka bar raha. Takwas ta yi, na rasa Madam."

Zacharias ya sauke jarkokin a inuwa, ya ɗauko sifana. Ya zazzage 'ya'yan boris a faranti, duk sun yi tsatsa sun ƙwarzane. Ya wanke ramin da kananzir, ya goge da tsumma, ya zaga da yatsa ko ya ci. Bai ci ba. Ya shafa giris, ya jera sababbi, tara a kowane gefe.

Murtala ya leƙo. "Ga gurbi nan, ƙara ɗaya."

"Kai, in ka cika garke taf, shanu za su juya? Bar musu wuri."

Sai ɗauri. Ya matse, ya juya, ya sassauta kaɗan, ya sake juyawa. Murtala na ta taka ƙasa yana duban waya, shi ko ko a jikinsa. Sai da taya ta juya sumul, ba rawa ba gurnani, sannan ya ce, "Hau. Kuma ka bar man uwargidanka a kicin."

Murtala ya taka, keke ya tafi kamar ba kaya. Takwas saura biyar ya yi birki a ƙofar Madam Rita. Mai babur na nan tsaye da tasa jarkar. Madam ta dubi agogo, ta buɗe jarkar Murtala, ta ɗanɗana, ta ce a shiga da ita. Mai babur ya tayar da abinsa ya kama hanya.

A gida ne shari'a ta tashi, don Luba ta ga shatin yatsu biyu a ƙwaryarta. Da ta ji inda man ya tafi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da safe ta cika ɗan kwano ta miƙa masa.

"Kai wa mai gyaran. Ka ce masa na shinkafa ne. Kai kuma ƙwaryata ta fi ƙarfinka daga yau."