Robobin Irene

Shekarar da soja suka koma bariki, sabon kansila ya shigo Makera da zafinsa. Wai ruwan da ke gangarowa daga masana'antu ya lalata lambunan bakin rafi, don haka katafila kawai za a sa ta share su. Cikin lambunan har da na Mama Damaris, wanda da alayyahunsa ta raini 'ya'ya biyar. Da ƙyar 'yarta Irene, mai karatun kimiyya a Zariya, ta roƙi arziki aka ba ta wata guda ta auna ta kawo sakamako.

Ta ɗebi ƙasa da ganye, ta busar, ta daka, ta tankaɗe, ta ɗura a robobi sha biyu, ta liƙe murafan da kakin kyandir. Akwai wani haske mai cutarwa da ido ba ya gani, "gamma" ake ce masa a boko, shi na'urar Zariya ke ƙirgawa. Amma na'urar nan akwai tsirfa: sai robobi sun kwana ashirin da takwas a rufe ruf, iskar da ƙasar ke fitarwa ta taru, sannan ta faɗi gaskiya. Irene ta rubuta kwanan wata a jikin kowace, ta tura su ƙarƙashin gado.

Ana saura kwana biyu kwanakin su cika, sai ta je tasha tambayar motar sammako ta dawo. Tana shiga gida ta yi turus. Ga robobinta jere a tabarma tsakar gida, kowace baki buɗe, suna shan rana.

"Wayyo Allah, Mama! Wa ya buɗe?"

"Ni mana. Ke da bokonki, wa ya taɓa rufe busasshen ganye wata guda da damina bai sha iska ba? Da tuni ya yi fumfuna. Ko sannu babu?"

Irene ta zube a bakin tabarma, hawaye sharkaf. Haushi kamar ta fashe, amma wa za ta yi wa? Matar nan haka take yi wa kuka da kuɓewa tun kafin a haife ta. Ta daure ta yi bayani: iskar ta gudu, in an auna yanzu lambar za ta fito ƙarama.

Mama Damaris ta dubi robobin. Ba ta yi boko ba, amma kanta na ja.

"Ƙarama? Wato za ta nuna lambu lafiya lau?"

"Za ta nuna, ko da ba lafiyar ba."

"To mayar da murfin, 'yar nan. Wa ya gani?"

"Mama, in da abu a ƙasar fa? Ganyen nan duk Makera shi ake ci. Mu ma shi muke ci."

"Shekara ashirin muna ci, wa ya mutu? Kansila ba zai ƙara miki ko kwana ɗaya ba, kin sani."

Ta sani kuwa, amma ta kunna kyandir. Ta liƙe robobin ɗaya bayan ɗaya, uwar na tsaye a kanta. Sannan ta ɗauki biro ta soke tsohon kwanan watan, ta rubuta na yau, lissafin kwana ashirin da takwas ya koma farko.

Mama Damaris ta iya karanta lamba. Ta daɗe tana kallon robar. Sai ta ɗauki lauje da babban daro ta nufi rafi, ta yanko alayyahun da ko rabin girma bai kai ba, tun kafin katafila ta iso.