Shingen Baba Intalla

"Ba mai wucewa," in ji Baba Intalla. "Jirgi na tahe."

Ya gitta taɓarya a ƙofar gidansa, ya riƙe ta da hannu biyu, rana tana dukan ƙeyarsa. Tanimu ya sunkuya zai bi ta ƙarƙashi, tsohon ya daka masa tsawa.

"Kai, ɗan banza! Haka wata mata ta yi, da goyo a bayanta. Koma!"

Tanimu ya ja da baya. Shi mai gyaran telefon ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na tsohon. Tun yana yaro ya san labarin: Baba Intalla ya ƙare ƙuruciyarsa a Abijan yana tsaron shinge inda hanyar mota ta ratsa layin dogo. In ya ji kukan jirgi ya sauke ƙarfe, in jirgi ya wuce ya ɗaga. Da ya dawo Dakoro ya zo da wani ɗan jirgin wasa da layinsa, kyautar wani Bature. Jirgin yana tafiya, amma ba ya kuka.

Bara hankalin tsohon ya soma gushewa. Ɗansa Nafi'u ya aiko daga Faransa da wata 'yar na'ura kamar farce, wai ita dekoda, da ƙaramar lasifika da akwatin sarrafawa. In an liƙa ta a cikin jirgin zai yi kuka irin na gaske. Aka ba Tanimu aikin. Amma Inna Dela, matar tsohon, ta tare shi a lungu ta ce, "Ɗana, kak ka gama. Cewa ya yi jirgin kawai yake jira. In ya wuce, shi ma ya tahi." Tun daga nan Tanimu yake ƙarya: yau babu wuta, gobe dalma ta ƙare.

Yanzu ga Inna Dela ta leƙo ta kan katanga, idonta ja.

"Tun asuba yake nan tsaye. Ko ruwa bai sha ba. Dubi ƙahwahunshi."

Tanimu ya duba. Sun kumbura.

"Inna, ke kika ce in bari."

"Ni na ce. Ɗauko kayanka."

Ta katanga ya haura. Ya zauna a gindin itacen bedi, ya kwance bayan jirgin, ya jona ƙarfen liƙi a batirin sola. Dekodar guda ɗaya ce, kuma Nafi'u ya gargaɗe shi a waya: in injin yana taɓa ƙarfen jikin jirgin, nan take za ta ƙone. Ya yanke tsofaffin wayoyi, ya naɗe ƙafafun injin da salatif. Jar waya da baƙa zuwa tayoyi. Mai ruwan goro da mai ruwan toka zuwa inji. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Da ya zo kan wayar ƙarshe sai hannunsa ya tsaya. In ya sauya guda biyu, ɗan hayaƙi zai tashi, shi ke nan, ba wanda zai ce da gangan ne. Ya ɗaga kai. Inna Dela tana kallonsa, kamar ta ji abin da ke ransa.

"Yi shi daidai," ta ce.

Daga ƙofa tsohon ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba. "Ya makara yau. Bai taɓa makara haka ba."

Tanimu ya ɗiga dalmar. Ya shimfiɗa layin a kan tabarma, zagaye guda, ya jona shi da batirin, ya ɗora jirgin, ya danna maɓalli. Fitilar gaba ta kama. Sai wani gurnani mai nauyi, wanda bai kamata ya fito daga abu ƙarami haka ba. Kaji suka watse. Ya sake dannawa, jirgin ya yi kuka, dogo, har akuyar gidan ta fizgi igiyarta.

Baba Intalla ya miƙar da bayansa. Ya danne taɓaryar da ƙarfi, kansa yana juyawa a hankali daga hagu zuwa dama, yana bin wani abu a kan titin da ba kowa sai wani mai amalanke da ya tsaya yana kallo. Tanimu ya rage gudun jirgin kaɗan-kaɗan, ƙarar ta yi nisa, ta ɓace.

Tsohon ya ɗaga taɓaryar, ya jingina ta da bango.

"Ku wuce," ya ce wa mai amalanke. Sannan ya juyo. "Dela, ba ni ruwa."

Ya sha, ya kwanta a inuwa da takalminsa a ƙafa. Ana kiran la'asar Inna Dela ta cire masa su, ta ja mayafi ta rufe fuskarsa.

Da suka dawo daga maƙabarta, Tanimu ya shiga kwashe kayansa. Mata sun cika tsakar gida, amma ba wadda ta zauna a kan tabarmar nan. Jirgin yana tsaye inda ya bar shi, fitilarsa a kunne, tana haska ƙofa. Ya kai hannu ga batirin.

"Bar shi tukuna," in ji Inna Dela.

Wata kaza ta zo bakin layin, ta tsaya, ta duba nan, ta duba can, ta tsallake.