Falle-falle

Haidar ya jera fallayen a bakin injin huda takarda, ya ɗora hannu kan mariƙin, sai Dalyop ya daka masa tsawa daga bayan kanta.

"Kai, ɗan Malam! Me za ka huda?"

"Littafin Baba ne, Oga. Waya kawai zan zura masa."

Dalyop ne mai shagon fotokwafin, mutumin Filato da ya daɗe a garin Annandale, a nan ƙasar waje. Ya zo ya ɗaga falle ɗaya da yatsu biyu. Takardar ta yi ja don tsufa, rubutun ajami ya cika ta har gefe.

"In ka huda nan ka cinye rubutu. Ya san ka ɗauko?"

"Yana asibiti wajen gashin ƙashi. Sai la'asar zai dawo."

"To, ranar da ya zo nan da sandarsa, ni ban taɓa ganinka ba."

Waƙoƙin wa'azi ne da kakan Haidar ya rubuta da hannu a Zariya. Irin littattafan da, ba a ɗinke su. Falle-falle suke zaune cikin gafakar fata, babu lambar shafi. A ƙasan kowane falle akwai kalma ɗaya, wadda na gaba ya fara da ita.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta raba mahaifinsa, Malam Maitama, da aikinsa na injiniya, kullum bayan la'asar sai ya buɗe gafakar. Hannun dama ba ya riƙo. Fallaye su zube a kan kafet, ya ƙwala wa Haidar kira. Haidar ya durƙusa yana tsinta, yana haɗa baƙi da ƙyar don ya gane wanne ke bin wanne, uban na gyara masa. Kafin su gama magariba ta yi.

Yanzu Dalyop ya yi masa tayin aikin yamma, ya riƙe shagon shi kaɗai. Haidar yana so ƙwarai. Amma wa zai tsince wa Baba?

"Mu kwafa, mu ɗinke kwafin," in ji Dalyop. "Na tsohon ka mayar masa yadda ka same shi. Kuma ka manta da waya, yaga takarda take yi. Gam zalla ma fashewa yake. Zare da allura, su ne ba sa ƙarya."

Suka kwafa a takarda mai kauri, suka ninke ta kashi-kashi. Haidar ya huda ninkin da basilla. Da ya nemi zare, Dalyop ya ciro zaren sakace haƙori daga aljihu.

"Oga, da wannan?"

"Ja shi ka gani. Ni da shi na ɗinke littafin waƙar cocinmu, har yau mata na kaɗa shi sama bai saki ba."

Haidar ya ɗinka kashi ya ƙulla da kashi. Allura ta soke shi, ya tsotse yatsan ya ci gaba. Suka yanko bango daga kwalin takarda. Tsohon zanin Ummansa da ya naɗo gafakar a ciki, shi suka yanka suka lulluɓe bangon. Dalyop ya danne littafin da katan biyu na takarda, ya hau kai ya zauna yana cin gyaɗa.

A bas ɗin komawa gida Alexandria, Haidar ya rungume littattafan biyu a ƙirji. Kwafin na ƙamshin gam da ɗan ƙamshin na'a-na'ar zaren haƙorin.

Ya tarar an dawo da Malam, yana kujerarsa ta bakin taga, idonsa a kan inda gafakar take zama. Haidar ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye gafakar, sannan ya miƙa sabon.

Malam ya juya shi da hannun hagu. Ya buɗe, ya shafa ɗinkin. Ya kama bangon ya girgiza. Ko falle ɗaya bai faɗo ba. Ya sake girgizawa da ƙarfi.

"Kai ka yi?"

"Ni ne, Baba."

"Ya yi ƙwari." Ya daɗe yana kallon littafin. "Allah ya yi maka albarka."

"Amin. Yanzu ko ba na nan za ka yi karatunka. Oga ya ce in fara aikin yamma yau."

"Madalla," in ji Malam, ya mai da fuska ga taga.

A kicin, Ummansa Hajiya Sailuba tana yanka kuɓewa. Ba ta juyo ba.

"Zanina ne na hango an yi wa littafi riga?"

"Umma, ai kin daina ɗaurawa."

"Ɓarawon zani. Allah ya shirye ka." Ta yi 'yar dariya, ta ci gaba da yanka. "Ranar Asabar da ka je ƙwallo, shi kaɗai ya yi karatunsa. Na leƙa. Da hagu yake juyawa, tsaf-tsaf."

"Ba su zube ba?"

"Sai kana gida suke zubewa."

Haidar ya tsaya riƙe da kofin ruwa. Bai sha ba. Ya ajiye, ya saka takalmi, ya ɗauki jakarsa. Bas na gaba ya kusa.

A falo, sabon littafin na kan tebur, an ɗora masa tabarau. Gafakar ce buɗe a cinyar Malam. Haidar ya kama hannun ƙofa, sai ya ji wani ɗan motsi a bayansa. Falle ɗaya ne ya sauka a kan kafet, kusa da ƙafarsa. Guda ɗaya tak. Malam bai kira shi ba, titi yake kallo.

Haidar ya dubi fallen. Ya dubi ƙofar. Ya sauke jakar, ya cire takalmi, ya tsince shi ya zauna a ƙasa, kafaɗarsa na taɓa gwiwar uban. Ya nemo kalmar ƙasa, ya haɗa baƙin ya karanta.

"A'a," in ji Malam, muryarsa ta washe. "Sake."